Zaman ƙauye da doki alhali aikinka na cikin Landan: ga yadda ake bin abin daki-daki

Akwai mutanenmu da yawa da ke aiki a Landan waɗanda son doki ke cikin jininsu, da sun fita wajen gari ranar Asabar suka ga koren fili ga dawaki na kiwo a bayan shinge sai zuciya ta fara raya musu ai nima zan iya, in samu ɗan gida a ƙauye mai fili, in riƙa bin jirgin ƙasa da safe in dawo da yamma in tarar da dokina. Ana iyawa kuwa, Turawa da yawa haka suke rayuwarsu. Amma abin da ke kayar da mutane a wannan harkar galibi watan Disamba da Janairu ne, duhu da laka da sanyi, saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa da idon hunturu za ka riƙa auna shi.

Fara da agogo tukuna, kafin ka buɗe shafin dillalan gidaje

A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a kudancin Ingila sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. To ka ɗauki biro ka lissafa. In jirginka na ƙarfe 7 da kwata ne, kuma tasha na da tafiyar minti 15 a mota, ga neman wurin ajiye motar, kenan ƙarfe 5 da rabi kana cikin barga da tocila ɗaure a goshi, ka ba da abinci, ka fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan mazubin ruwa, ka sa masa bargo ka fitar da shi fili, ka kwashe kashi ka gyara shimfiɗa, sannan ka shiga wanka don kada ka shiga ofis kana warin barga. Da yamma ka dawo ƙarfe 7 cikin duhu ka sake wani zagayen. Litinin zuwa Juma'a ba za ka ga dokin da hasken rana ba sam, kuma doki bai san an soke jirgi ba, bai san ma'aikatan jirgi na yajin aiki ba, lokacin cinsa lokacin cinsa ne.

In aikinka na barin ka yi kwana biyu ko uku a mako daga gida, abin ya zo da sauƙi sosai, kuma tun 2021 akwai tikitin jirgi na musamman na kwana 8 cikin kwana 28 da aka yi don irin masu wannan tsarin. In kuwa kullum sai ka je, kuma aikin asibiti ne mai canjin dare da rana, to ka sa a ranka tun yanzu sai ka biya wani ya riƙa yi maka zagaye ɗaya a rana. Ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko.

Ka ci hunturu ɗaya a bargar haya

Wannan shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa, ni kuma shi na fi matsa wa mutum a kai. A kewayen Landan akwai gidajen dawaki na haya birjik, kuma hawa-hawa ne. Akwai wanda ɗaki da fili kawai za a ba ka, komai kai za ka yi safe da yamma. Akwai na rabi da rabi, su yi maka safe ko ranakun aiki kai ka yi sauran. Akwai wanda komai nasu ne, kai dai ka zo ka ɗaura sirdi ka hau, shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba. Ka ɗauki na farkon, mai wahalar, daga Nuwamba zuwa Maris, kana zuwa aikinka kamar yadda ka saba. In ma ba ka da doki tukuna akwai masu neman wanda zai raba ɗawainiya da su, ka ɗauki kwana biyu ko uku a mako ka ba da wani abu. In Maris ta zo kana nan da sha'awarka, bismillah, ci gaba. In kuwa ka ji abin ya fita ranka, ka tsira da kuɗinka ba ka sayi gona ba.

Wani amfanin kuma, a nan za ka san mutane. Wane likitan dabbobi ne ke zuwa da dare ba ya ɓata lokaci, wane manomi ne ke da ingirici mai kyau, wane ƙauye ne ke zama taɓo. Irin wannan labarin ba ya cikin tallan dillali.

Zaɓen yanki: layin jirgi, sai ƙasa

Ka duba inda ofishinka yake ka ga wace babbar tasha ce ta fi kusa da shi, daga nan ka bi layin zuwa waje. Mai aiki kusa da Waterloo ya duba Surrey da Hampshire, Woking ba ta wuce rabin awa ba a jirgi mai sauri, Guildford kuma wajen minti 40. Mai London Bridge ko Charing Cross ya duba Kent, Sevenoaks kamar rabin awa ce. Mai Marylebone ya duba tuddan Chilterns, wajen Amersham. Mai Liverpool Street ya duba Essex, wajen Chelmsford, inda galibi fili ya fi na Surrey sauƙin kuɗi. Paddington kuma ta buɗe maka Berkshire. Kada ka zaɓi gidan da zai sa ka sauka a wata tasha sannan ka ratsa Landan kaf a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wannan ƙarin minti 25 ɗin sau biyu a rana daga lokacin dokinka ake cire shi.

Mutane na jin sunan Newmarket su ce ai can ne garin dawaki, gaskiya ne, hedikwatar tseren dawaki ce ta Birtaniya, amma jirginta sai ka canja a Cambridge, ga mai zuwa kullum da ɗan wuya. Mai sha'awar folo kuma ya karkata yamma da kudu, Guards Polo Club na cikin Windsor Great Park, Cowdray Park na Midhurst a West Sussex. Sannan ka duba nisan masallacin Juma'a da shagon naman halal, don ƙauyukan nan ba ko'ina ake samu ba, shi ya sa yankin Woking ke da daɗi ta wannan fannin, nan ne masallacin Shah Jahan yake, wanda aka gina tun 1889.

Yanzu ƙasa, nan nake so ka tsaya sosai. Yawancin Essex da wani babban yanki na Surrey, Sussex da Kent da ake kira Weald ƙasar yumɓu ce mai nauyi, ba ta shan ruwa. A watan Yuni za ka gan ta shar kamar filin ƙwallo, a Janairu kuwa bakin ƙofar filin nan sai ka nutse har ƙwauri, takalmin roba ya maƙale ka zare ƙafa da safa kawai, takalmin ƙarfen doki ya cire ya ɓace a ciki, fatar dundunniyarsa ta yi gyambo saboda jiƙa kullum. Tuddan Chilterns da North Downs ƙasar alli ce, ruwa na wucewa, kana iya barin doki a waje kusan duk shekara. Yammacin Surrey akwai yashi, shi ma ba ya riƙe ruwa, sai dai ciyawarsa ba ƙarfi kuma doki na iya haɗiyar yashi ya taru masa a ciki, don haka ba a zuba masa abinci a ƙasa. Eka 3 a kan alli sun fi eka 5 a kan yumɓu amfani, wallahi.

Duba filin kansa

Ka je ganin gida bayan an kwana biyu ana ruwa, da takalmin roba, ka taka filin kusurwa zuwa kusurwa. Zuwa da kai ya fi aike, hoto ba ya nuna taɓo. Ƙungiyar British Horse Society na ba da shawarar eka 1 zuwa 1 da rabi ga kowane doki, kuma ka tuna doki ba ya zama shi kaɗai, dabbar garke ce, ko ba ka so sai ka nemo masa abokin zama ko da ɗan kuru ne tsoho. Kenan kana maganar eka 3 ko kusa da haka, don ka samu ka raba filin gida biyu ko uku, suna cin wani wani na hutawa.

Ka duba ko akwai famfo a filin, don doki na shan lita 25 zuwa 50 a rana, jigilar wannan a jarka cikin sanyi azaba ce. Ka duba ko motar ingirici ko tarakta za ta iya shiga ta juya. Ka shiga taswirar ambaliya ta Environment Agency, hukumar kula da muhalli ta Ingila, kyauta ce a intanet, ka sa lambar unguwar ka gani. Ka ɗaga kai ka dubi itatuwa: itacen sikamo 'ya'yansa masu fiffike na kashe doki a kaka, tsironsa ma haka a farkon bazara, itacen yew kuwa ɗan kaɗan ya isa, 'ya'yan oak ma in ya ci da yawa matsala ne. A ƙasa kuma akwai wata ciyawa mai furen ruwan ɗorawa da ake kira ragwat, tana lalata hanta a hankali, kuma ta fi haɗari in ta bushe cikin ingirici don ɗacinta ya tafi doki ba ya gane ta, har doka aka yi a kanta a 1959 da 2003. Ana tuge ta ne da saiwarta, da safar hannu.

Wani abu da ke ba baƙo mamaki, a Ingila fili naka ne amma hanyar jama'a na iya ratsa tsakiyarsa, kuma ba ka da ikon rufe ta. Masu yawo da karnuka za su wuce, wani ya bar ƙofa a buɗe, wani ya miƙa wa dokinka burodi. Taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, na nuna waɗannan hanyoyin, ka duba kafin ka ƙwallafa rai.

Takardu, inda ake yawan ƙonewa

Ka nemi lauyan da ya saba da cinikin gidajen ƙauye da filaye, na cikin gari mai sayar da fulat ba lallai ya san abin tambaya ba. Babbar tambayar ita ce, filin nan a hukumance na noma ne ko an ba shi izinin ajiye dawaki. A dokar tsara ƙasa ta Ingila, doki ya yi kiwo kawai ana iya lissafa shi cikin noma, amma da zarar kana kawo masa abinci daga waje, kana hawa a ciki, ka kafa sandunan tsalle, to amfanin filin ya canja kuma sai da izinin ƙaramar hukuma. Gina barga a fili sai da izini. Filin horo mai yashi, wanda aka saba yi mita 20 da mita 40, sai da izini, fitilun dare ma haka, kuma maƙwabta na iya ƙin yarda. Yawancin ƙasar da ta kewaye Landan tana cikin Green Belt inda ake tsaurara gini. Shi ya sa gidan da ya riga ya samu barga da takardarta a hannu ya fi, ko da ya ɗara tsada. Kada ka yarda da "ai shekara da shekaru muna ajiye dawaki nan ba wanda ya ce komai", ka ce a nuna maka takarda. Rumfar da ake ja a kan katako, wadda ba ta da tushe kuma ana matsar da ita, sau da yawa ba ta buƙatar izini, amma ita ma ka tambayi hukumar yankin don ba duka suke kallon abin iri ɗaya ba.

Lauyan ya duba maka ko hanyar shiga taka ce ko ta maƙwabci ce aka ba ka izinin bi, ko akwai tsohon sharaɗi da ya hana wani abu a filin, da kuma ramin bahaya, don gidajen ƙauye da yawa ba sa kan bututun gwamnati kuma tun 2020 an hana irin tsohon ramin da ke zubarwa kai tsaye cikin rafi. Da yawansu kuma ba gas, da mai ake ɗumama su, tanki ne a bayan gida sai ka saya an kawo.

Harajin sayen gida ma ka yi hattara. Wanda ba mazaunin Birtaniya ba ana ƙara masa kashi 2 cikin ɗari tun Afrilun 2021, sannan akwai ƙarin da ake ɗora wa mai gida na biyu, kashi 5 tun ƙarshen Oktoban 2024, kuma gidan da ka mallaka a wata ƙasa ma yana iya shiga wannan lissafin. Ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun farko. Bankuna kuma ba duka ke son ba da rancen gida mai eka da yawa ba, nemi dillalin rance da ya san harkar.

Shirya wuri kafin doki ya iso

Shinge farko. Katako mai ginshiƙi da sanduna, tsayin wajen mita 1 da kwata, da zaren lantarki ta ciki don kada ya riƙa gwaguya ko jingina. Waya mai ƙaya a cire ta gaba ɗaya, ta shanu ce, doki in ya firgita yanka shi take. Ɗakin barga na doki madaidaici ƙafa 12 da ƙafa 12. Bakin ƙofa da gefen mazubin ruwa a zuba tsakuwa ko a shimfiɗa tabarmar roba mai ramuka, kuɗin da za ka fi gode wa kanka a kansa kenan.

Ingirici ka saye shi tun bazara lokacin da ake yanka, kafin ya yi tsada. Lissafin ba wuya, doki mai kilo 500 na cin kamar kilo 10 a rana in ba ciyawa, wata shida kenan kusan tan 2, ƙananan dammuna masu kilo 20 wajen 90, doki biyu ka ninka, kuma sai da busasshen wurin ajiya don in ya yi fumfuna tari zai sa musu. Abin da ya shiga kuma zai fito, kusan kilo 20 na kashi kullum kowane doki. Jujin ya yi nisan aƙalla mita 10 daga rafi ko kwata, mita 50 daga rijiya ko burtsatse, ba a ƙona shi, ka shirya da wani manomi ya riƙa zuwa da tirela yana kwashewa. A filin ma ana bi da baro ana tsince kashin sau da yawa a mako, yana rage tsutsar ciki kuma ciyawa ba ta lalacewa.

Dokin kansa

Ka cire ran kawo doki daga Afirka ta Yamma, saboda cutar dawaki ta Afirka ƙa'idojin shigo da su na da tsauri ƙwarai. A nan za ka saya. Kuma ka manta da ingarma, fiɗiyayye ko goɗiya mai sanyin hali za ka nema, gidajen haya da yawa ma ba sa karɓar ingarma. Ga mai tafiya aiki kullum, irin dawakan ƙasar masu jure sanyi da zaman waje sun fi ɗan tsere da ya yi ritaya, wanda za ka samu da araha amma ga ci ga laulayi ga zafin kai, araha ba ta ado.

Kafin ka biya ka kira likitan dabbobinka, ba na mai sayarwa ba, ya yi wa dokin gwajin lafiya mai mataki 5 da ake yi kafin saye, har da ɗaukar jini a ajiye. Kowane doki dole yana da fasfo, wato takardar shaidarsa, kuma tun Oktoban 2020 dole a Ingila a sa masa ɗan ƙaramin na'urar shaida a wuya. Kada ka karɓi doki ba fasfo, ka sa likita ya duba lambar ta yi daidai da takarda, sannan cikin kwana 30 ka mayar da sunanka a kai. In akwai wasu dawaki a gidan, sabon ya zauna gefe kamar mako uku tukuna.

Mai gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, kuma a dokar 1975 ba mai buga wa doki takalmi sai mai rajista, don haka kada ka ce za ka gwada da kanka. Allurar mura duk shekara, ta tetanus duk shekara biyu, haƙori sau ɗaya a shekara. Murar nan ba wasa ba ce, a Fabrairun 2019 sai da aka tsayar da tseren dawaki a Birtaniya na kwana 6 saboda ita. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne a ƙasar nan ƙiba ta fi yunwa kashe doki. Ciyawar Afrilu da Mayu zaƙi gare ta, ƙaramin doki ya ci ya ci sai ciwon laminaitis ya kama kofatonsa, ka gan shi ya tsaya ya jingina baya ya kasa taku. Ana rage masa fili da zaren lantarki ko a sa masa takunkumin kiwo, ko da kana jin tausayinsa.

Kilisa, inshora da tirela

Kafin ka sayi gida ma ka duba inda za ka riƙa kilisa. Ba kowace hanyar daji doki ke da izinin bi ba, sai wadda aka rubuta Bridleway a allonta, da kibiya shuɗiya, ko wadda aka rubuta Byway, ta masu tafiya a ƙasa mai kibiya rawaya haramun ce gare ka. In daga ƙofarka sai ka yi mil biyu a kan titi mai motoci kafin ka kai irin wannan hanyar, za ka ga a hankali ka daina fita. Tun Janairun 2022 ƙa'idar hanya ta ce direba ya wuce doki da gudun da bai kai mil 10 a awa ba, ya bar tazarar mita 2, amma ba kowa ke bi ba, ka sa riga mai ƙyalli ko da rana ce. Yaro ɗan ƙasa da shekara 14 dole ya sa hular kwano a kan titi, kai ma babba ka sa.

Inshorar ɓarnar da doki zai yi wa wani kada ka kwana ɗaya ba ita. A 2003 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke hukunci kan wasu dawaki da suka firgita da dare suka fasa shinge suka hau titi a Devon, ɗaya ya yi karo da mota, aka ɗora wa masu su alhaki duk da ba a same su da sakaci ba. Ta lafiyar doki ma ka duba, tiyatar ciwon ciki kaɗai fam dubbai ce.

Tirelar ɗaukar doki ba dole ba ce a shekarar farko. In ka tashi, tun Disambar 2021 mai lasisin mota na Birtaniya na iya jan tirela har kilo 3,500 ba sai ya sake jarrabawa ba, amma ka je a koya maka ja da baya. Lasisin yawancin ƙasashen Afirka wata 12 kawai yake aiki bayan ka zama mazauni, kuma a ƙauye ba mota ba rayuwa, don haka ka gama da neman lasisin Birtaniya tun kana cikin gari. Tsohuwar motar dizal mai ƙarfin jan tirela kuma in ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba, duk ranar da ka shiga da ita Landan fam 12.50 ne, tun da aka faɗaɗa yankin da ake karɓar wannan kuɗin hayaƙin a Agustan 2023.

Sai maganar tafiya. Ranar da za ka yi hutun mako uku, ko rasuwa ta taso ka tashi cikin dare, wa zai riƙe? Ka samu mutum biyu tun kafin buƙata ta zo, ɗaya mai aikin barga da ake biya da awa, ɗaya maƙwabci mai dawaki da za ku riƙa yi wa juna, kowannensu ya san inda makulli yake ya kuma taɓa kama dokin da hannunsa. Ka rubuta adadin abincin kowane doki da lambar likita da ta mai kofato a allo ka rataye a ƙofar barga, ka kuma bar wa asibitin dabbobin izini a rubuce na iya kuɗin da za su kashe in an neme ka a waya ba a samu ba.